Allurar Tsayar da Gumi: Haɗejiya Na Bukatarta?

A ƙasar Haɗejiya gumi ba abin ba da labari ba ne. Daga Maris zuwa Mayu, idan bazara ta kankama, ma'aunin zafi yakan haura 40, kuma da mai ban-ruwan shinkafa a Auyo, da masunci a Guri, da ɗan dako a kasuwar kifi, kowa rigarsa takan jiƙe kafin azahar. Idan damina ta faɗi, kogi ya cika ya bazu cikin fadamu, sai zafin ya haɗu da laima, gumin ma ya ƙi bushewa a jiki. Wannan gumin rahama ne, domin da shi jiki yake sanyaya kansa.

Amma akwai wani gumin da ba ruwansa da rana. A tsakiyar hunturu, kowa ya ƙudundune saboda ɗari, za ka ga saurayi tafin hannunsa yana ɗiga. Idan an idar da sallar Juma'a ana musabaha, sai ya goge hannu a jikin riga sau biyu kafin ya miƙa, ko ya sulale ya fice. Ɗaliba tana rubuta jarrabawa, ta shimfiɗa hankici ƙarƙashin hannunta don kada takarda ta jiƙe tawada ta caɓe. Ma'aikaci yana da riguna masu haske amma ba ya sa su, saboda shatin da hammata take yi masa tun da hantsi. Likitoci sun daɗe da sanin wannan a matsayin cuta mai zaman kanta, kuma ɗaya daga cikin magungunanta ita ce allurar botulinum, wadda aka fi sani da sunan da kamfani ya raɗa mata, wato Botox. Asibitocin fata masu zaman kansu a Legas da Abuja suna yin ta, tallarta kuma ta iso wayoyin matasanmu. Shin abu ne da ya kamata mutumin Haɗejiya ya nema, ko kuwa kasada ce da ta fi amfaninta? Kowane ɓangare yana da hujja mai nauyi.

Daga guba zuwa magani

Asalin abin guba ce, kuma tana cikin mafi ƙarfin gubar da aka sani a duniya. Wata ƙwayar cuta ce mai suna Clostridium botulinum take samar da ita a cikin abincin da aka rufe ya lalace. Wani masani ɗan Beljiyam, Emile van Ermengem, shi ya gano ƙwayar bayan da wasu mutane suka ci nama a wajen zaman makoki a garin Ellezelles a 1895, suka kwanta, wasu suka mutu. Gubar tana kashewa ne ta hanyar sassauta tsokoki har numfashi ya gagara. A shekarun 1970 wani likitan ido a San Francisco ta Amurka, Alan Scott, ya yi tunanin cewa ɗan ƙanƙanin abu daga cikinta zai iya sassauta tsokar idon mai harara-garke ba tare da tiyata ba. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ita don wannan aiki a 1989, ta amince da ita don tamojin tsakanin gira a 2002, sannan a 2004 ta amince da ita don gumin hammata mai tsanani ga manya waɗanda maganin shafawa bai yi musu ba.

Yadda take aiki ba shi da wuyar ganewa. A fatar mutum akwai 'yan ƙananan maɓuɓɓugan gumi tsakanin miliyan 2 zuwa miliyan 4, kuma ba sa tsatsowa sai jijiya ta aiko musu da saƙo ta wani sinadari. Allurar tana hana bakin jijiyar sakin wannan sinadari a daidai wurin da aka yi ta kawai, kamar mai ban-ruwa ya toshe bakin kwami ɗaya ya bar sauran gonar tana shan ruwa. Bayan wasu watanni jijiyar takan farfaɗo, gumi ya dawo.

Aikin kansa ba ya wuce rabin awa. Likita zai goge hammatar ta bushe, ya shafa aidin, ya bari ya sha iska, sannan ya barbaɗa garin sitaci. Nan da 'yan mintoci duk inda gumi yake fita sai ya rine ya koma baƙi-baƙi mai shuɗi, ya fito da taswirar wurin da ciwon yake. Sai ya ɗiɗɗiga alama da alƙalami, tazarar santimita 1 zuwa 2 tsakanin kowane ɗigo, ya bi su da siririyar allura yana zuba maganin a cikin fata, ba cikin tsoka ba. Abin da aka saba shi ne yunit 50 a kowace hammata, a rarraba a wuri 10 zuwa 15. A cikin mako guda mutum yakan fara ganin canji, aikinta kuma yakan kai kamar wata shida zuwa bakwai.

Masu cewa a yi

Hujjarsu ta farko ita ce allurar tana aiki, kuma ba zancen 'yan talla ba ne. A 2001 wasu likitoci biyu, Naumann da Lowe, sun wallafa sakamakon gwajin da aka yi wa mutum 320 a asibitocin Turai. Bayan mako huɗu, kashi 94 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa allurar gaske guminsu ya ragu da rabi ko fiye, alhali a cikin waɗanda aka yi wa allurar da ba magani a cikinta kashi 36 ne kawai suka ga sauƙi. 

Ta biyu, sun ce mu daina ɗaukar wannan ciwo a matsayin tsirfa ko iyayi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wani bincike a Amurka a 2016 ya ƙiyasta cewa kusan kashi 5 cikin ɗari na mutanen ƙasar suna fama da shi, kuma da yawansu ba su taɓa faɗa wa likita ba. A nan ma kunya ce take rufe bakin masu shi. Ciwon yakan fara ne tun ƙuruciya ko lokacin balaga, wato daidai lokacin karatu da koyon sana'a da neman aure. Telan da farar shadda take yin dabbare-dabbare a hannunsa zai rasa masu kawo ɗinki. Mai gyaran waya da gumi yake ɗiga a kan ƙananan kayan cikinta zai biya asara. Yanzu kuma kusan komai sai an dangwala yatsa, daga jarrabawar shiga jami'a zuwa banki zuwa rumfar zaɓe, kuma jiƙaƙƙen yatsa yakan wahalar da na'ura. Ga budurwar da lalle yake caɓe mata, ga wanda ake yi wa gori da warin jiki alhali ya fi mai gorin yawan wanka. Fatar da ba ta bushewa kuma takan jawo ƙaiƙayi da ruɓewar tsakanin yatsu. Wanda yake cikin wannan hali, in ji su, magani yake nema, ba kwalliya ba.

Hujja ta uku ta fi shafar ƙasa mai zafi irin tamu. Akwai ƙwayoyin sha da ake bayarwa don wannan ciwo, irin su oxybutynin, kuma sun fi allura araha nesa ba kusa ba. Sai dai su ba sa zaɓen wuri, jiki gaba ɗaya suke rage wa gumi, su busar da baki, su kawo taurin bayan-gida, wani lokaci su hana fitsari fita sosai. Mutumin da zai wuni a rana cikin Afrilu, ko mai azumi a bazara, idan aka rage masa gumin jiki duka an jefa shi cikin haɗarin bugun zafi. Ita kuwa allurar wuri ɗaya take tsayarwa. Sai tiyatar da ake yanke wata jijiya a cikin ƙirji, wadda ba a komawa baya idan an yi ta, kuma da yawa daga cikin waɗanda aka yi wa sukan koma suna zubar da gumi ta baya da ciki da cinya, wani lokaci fiye da na farko. Idan aka jera su, allurar ce mai sauƙin nadama: in ba ta karɓe ka ba, bayan watanni za ta bar jikinka.

Ta huɗu ta shafi addini, wanda mutumin Haɗejiya ba zai ƙetare shi ba. Malamai sun bambanta tsakanin canza halitta don ado da neman magani don kawar da cuta. A 2006 majalisar fatawa ta ƙasar Malesiya ta hana amfani da Botox don kwalliya, amma ta bar ƙofa a buɗe idan likita ya ga bukatar magani ce. Gumin da yake hana mutum sana'a ya faɗa cikin kashi na biyu.

Daga ƙarshe sukan ce: wane ne ya yanke cewa maganin da ya halatta ga ɗan Abuja ya fi ƙarfin ɗan Kirikasamma? Idan an ce ba mu kai ba, to a gyara abin da ya hana mu kaiwa.

Masu cewa a dakata

Waɗannan ba su musanta cewa allurar tana tsayar da gumi ba. Tambayarsu ta farko ita ce: gumin wa za a tsayar? Gwajin Turai an yi shi ne a kan mutanen da aka riga aka tantance cewa ba wata cuta ce a ƙarƙashin guminsu ba. A nan kuwa yawan gumi sau da yawa ɗan aike ne. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu tarin fuka, kuma gumin dare mai jiƙa shimfiɗa yana cikin manyan alamunsa. Zazzaɓin cizon sauro, wanda ruwan da yake kwanciya a fadamu da duhun kachala suke ciyar da shi, yana zuwa da gumi idan zazzaɓin zai sauka. Akwai ciwon da ake ɗauka daga madarar shanun da ba a tafasa ba, mai zazzaɓi yana tafiya yana dawowa da gumi. Akwai ciwon maƙoƙo mai sa bugun zuciya da rama, da faɗuwar sukari ga mai ciwon sukari, da cuta mai karya garkuwar jiki, da wasu nau'o'in sankarar jini, da lokacin ɗaukewar al'ada ga mata. Har ƙwayar tramadol da wasu matasa suke sha don ƙarfin aiki tana sa gumi. Duk wanda ya rufe bakin ɗan aike bai ji saƙon ba, ya bar cutar tana ci a ɓoye. Maganin tarin fuka kyauta ne a asibitocin gwamnati, amma sai an gano shi.

Ta biyu kuɗi ne. Kwalba ɗaya ta ainihi mai yunit 100, wadda ita ce ta hammata biyu, ɗaruruwan daloli ce, ga kuɗin likita, ga kuɗin mota. Mafi ƙarancin albashi a Nijeriya tun 2024 naira 70,000 ne, a shekarar da dala ɗaya ta haura naira 1,500. Ke nan zama ɗaya zai iya cinye albashin watanni, kuma ba sau ɗaya ake yi a huta ba, kusan sau biyu ne kowace shekara muddin ana son bushewar ta ɗore. Manomin da ambaliya ta cinye wa shinkafa, kamar yadda aka gani a 2022, ba ya cikin wannan lissafi ko kusa. Game da aljihun gwamnati kuwa, yankin Haɗejiya har zuwa Nguru da Gashuwa ya yi suna da yawan ciwon ƙoda, kuma iyalai da yawa sun sayar da gona da dabbobi saboda wankin ƙoda. Masana ba su tsaya a kan dalili ɗaya ba tukuna, amma daga cikin abubuwan da ake zargi akwai aiki cikin zafi da ƙarancin shan ruwa, irin abin da aka gani ga masu saran rake a Nikaraguwa da El Salbado. A wurin da babbar matsalar gumi ita ce mutane suna zubar da shi ba sa mayar da ruwa, in ji su, ba a fara da allurar hammata ba.

Ta uku ita ce sanyi da jabu. Dole a ajiye kwalbar a firji tsakanin ma'aunin sanyi 2 zuwa 8, idan kuma an haɗa ta da ruwan allura a yi amfani da ita cikin awa 24. Kowa ya san halin wutar lantarki a garuruwanmu. Kwalbar da ta kwana a but ɗin mota daga Kano cikin bazara, ko ta wuni a firjin da ya mutu, ba mai iya rantsewa a kan ƙarfinta. Wannan ma da sauƙi, asarar kuɗi ce. Babban tashin hankali shi ne jabu, wadda ba a san yawan gubar da ke cikinta ba. A 2024 hukumomin lafiya na Amurka sun ba da sanarwar mata a jihohi da dama da suka kamu da alamun guba bayan an yi musu allurar jabu ko an yi musu a hannun waɗanda ba su da lasisi, wasu har aka kwantar da su a asibiti. A 2023 an samu mutum fiye da 80 a Turkiyya da ƙasashen Turai da suka kamu bayan an yi musu ita a tumbi don rage ƙiba. Idan haka ta faru a ƙasashen da ido yake kan kowace kwalba, ina ga kasuwar da NAFDAC ta shafe shekaru tana yaƙi da jabun maganin zazzaɓi ma?

Ta huɗu ita ce hannun da zai riƙe sirinjin. Mu mutane ne masu ganin allura ta fi ƙwaya ƙarfi, kuma a unguwanni da ƙauyuka mai kemis ne likitan farko. Ranar da aka ce akwai allurar da take hana gumi, ba za a rasa wanda zai sayo mai araha ya fara yi a bayan kanti ko a shagon gyaran jikin amare ba. Tun 2009 a Amurka aka tilasta wa kamfanonin da suke yin ta su rubuta gargaɗi mafi girma a jikin kwali, cewa gubar tana iya yaɗuwa daga inda aka yi ta ta kawo faɗuwar fatar ido, da gani biyu-biyu, da wahalar haɗiya da ta numfashi. A gumin hammata, da adadin da aka ƙayyade, hakan abu ne mai wuyar faruwa. Amma akwai waɗanda ba a yi wa sam, kamar masu wasu cututtukan raunin tsoka, akwai masu ciki da masu shayarwa da ake kauce wa, kuma allurar gentamicin, wadda ake yawan yi a kemis, tana ƙara wa gubar ƙarfi. Wane ne zai yi waɗannan tambayoyi a bayan kanti? Idan kuma numfashi ya fara sarƙewa, ana bukatar na'urar taimakon numfashi da maganin karya gubar cikin gaggawa, ga shi tsakanin Haɗejiya da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano kusan kilomita 200 ne. Kada garin gyaran gira a rasa ido.

Ta biyar, waɗanda suka fi bukata su ne allurar ta fi yi wa wuya. Amincewar 2004 ta hammata ce. Likitoci suna yin ta a tafin hannu, tana kuma aiki, amma tana da zafi sosai har sai an kashe wurin, tana cin magani mai yawa, kuma takan raunana riƙon babban yatsa na wasu makonni. Tela da mai ɗinkin hula da masunci mai jan koma da wannan riƙon suke ci.

Inda kowa ya zarce

Idan aka auna, za a ga kowane ɓangare yana da inda ya wuce gona da iri. A cikin masu adawa akwai masu cewa idan an hana gumi fita, dattin jiki zai koma ciki ya lalata ƙoda, ko kuma zafi ya kashe mutum. Wannan ba haka ba ne. Gumi kusan duka ruwa ne da ɗan gishiri, aikin tace datti na ƙoda ne da hanta. Hammata kuma ɗan yanki ne ƙarami daga cikin fatar jiki, tsayar da guminta ba ya hana baya da ƙirji da goshi yin aikinsu. Kaɗan daga cikin waɗanda aka yi wa sukan ji gumi ya ɗan ƙaru a wani wuri, amma ba irin na tiyata ba. Haka nan, cewa akwai ciwon ƙoda a gari ba ya hana mai wani ciwon neman magani da kuɗinsa. Hujjar ƙoda tana da ƙarfi idan ana maganar kasafin gwamnati, ba ta da ƙarfi idan ana maganar haƙƙin mutum ɗaya.

Su kuma masu goyon baya suna ɗauko sakamakon da aka samu da magani na ainihi, a hannun ƙwararru, a kan mutanen da aka tantance, su ɗora shi a kan wurin da ko ɗaya daga cikin ukun ba shi da tabbas. Kashi 94 ɗin nan ba ya biyo kwalba duk inda ta je. Sannan suna tsallake matakan da ko a Turai da Amurka sai an bi su kafin a kai ga allura.

Matakin farko shi ne tantancewa, kuma wannan ana iya yin sa a babban asibitin Haɗejiya ko na kowace ƙaramar hukuma. Gumin da yake ciwo mai zaman kansa yana da kamanni sanannu: ya kai wata shida, yana tsayawa a hammata ko tafin hannu ko tafin ƙafa ko fuska, yana fitowa dama da hagu daidai wa daida, ya fara kafin shekara 25, sau da yawa akwai mai irinsa a dangi, kuma yana ɗaukewa idan mutum ya yi barci. Wanda ya fara da girma, ko yake jiƙa jiki duka, ko yake zuwa da dare, ko yake tare da tari ko rama ko zazzaɓi, wannan gwajin majina da na jini yake bukata.

Mataki na biyu maganin shafawa ne mai sinadarin aluminiyam mai ƙarfin kashi 20 cikin ɗari, irin su Driclor. Da yawa sun gwada sun ce bai yi ba, alhali shafawar ce ba daidai ba. Da dare ake shafa shi, a kan fatar da ta bushe ƙarau, ba bayan aski ba, a wanke da safe, a yi haka kullum har gumi ya lafa, sannan a koma sau ɗaya ko biyu a mako. Wanda ya shafa da safe a kan jiƙaƙƙiyar fata, raɗaɗi kawai zai sha. Alif ɗin da iyayenmu suke tace ruwan kogi da shi, wasu kuma suke gogawa a hammata, ɗan'uwan wannan sinadari ne, yana rage wari amma ƙarfinsa bai kai na kanti ba. Mai ciwon ƙoda dai ya tambayi likita kafin ya fara, domin wannan gargaɗin yana rubuce a jikin irin waɗannan magunguna a Amurka.

Mataki na uku, ga masu gumin hannu da ƙafa, wata 'yar na'ura ce mai faranti biyu da ake zuba ruwan famfo a ciki, a tsoma hannu na minti 20 zuwa 30, wuta mai rauni tana ratsawa. Ana yi sau uku ko huɗu a mako da farko, daga baya sau ɗaya. Akwai masu aiki da batir, kuma na'ura ɗaya a asibiti za ta yi wa mutane da yawa hidima na shekaru. Ba a yi wa mai ciki ko mai na'urar bugun zuciya. A ganina, idan akwai abin da ya cancanci a roƙi hukumomin lafiya na Jigawa su saya saboda wannan ciwo, to wannan na'urar ce, tare da horar da ma'aikatan jinya su gane bambancin gumi da gumi.

Hukunci

Allurar botulinum magani ce ta gaskiya ga ciwo na gaskiya, kuma mai fama da shi ya cancanci tausayi, ba gori ba. Amma a Haɗejiya ita ce matakin ƙarshe, kuma ga mutane kaɗan: baligin da likita ya tabbatar ba wata cuta ce take sa shi gumi ba, wanda ya bi maganin shafawa yadda ya kamata bai samu sauƙi ba, wanda kuma zai iya biyan kuɗinta ba tare da ya sayar da abin da yake ci da shi ba. Irin wannan ya nemi takardar turawa zuwa likitan fata a asibitin koyarwa, ya tabbatar likitan yana da rajista, ya ga kwalbar da idonsa an ciro ta daga firji da lambar NAFDAC a jikinta. Duk wanda ya ce zai yi maka ita a kemis, ko a gida, ko a shagon kwalliya, ko ya faɗi farashin da ya yi araha fiye da hankali, ka riƙe kuɗinka ka tafi.

Ga iyaye da malaman makaranta: yaron da hannunsa yake jiƙa littafi ba ƙazami ba ne, kuma ba tsoro ne yake damunsa ba, a kai shi asibiti. Ga mai tashi cikin dare ya tarar da shimfiɗarsa sharkaf, musamman in yana tari: kada ka nemi abin da zai tsayar da gumin, je a gwada majinarka. Ga manoma da masunta da duk mai neman abinci a rana kuwa, guminku lafiya ne, abin da yake bukata shi ne ruwan sha mai tsabta a kai a kai da hutawa a inuwa idan rana ta take. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.